Darasi na 14: Tafiyar Ƙafa a Duwatsu, Daga Abuja Zuwa Tsaunukan Alps

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. ambata manyan duwatsun Abuja da kewayenta, da wuraren da suke;
2. bayyana yadda aka tsara hanyoyin tafiyar kwanaki a tsaunukan Alps na Turai;
3. lissafa awoyin da zango ɗaya zai ci;
4. shirya guzuri da kiyaye lafiya da mutunta mutanen gari a lokacin tafiya.

Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako ranar Asabar a Abuja yana iya cin karo da ayarin mutane, maza da mata, kowa da 'yar jaka a baya da gorar ruwa a hannu, sun nufi gindin wani dutse. Da yawansu ma'aikata ne da suka shafe mako a zaune, sun fito su motsa jini, su shaƙi iska, su hango birnin daga sama. Galibi kafin azahar sun sauko, kowa ya kama gabansa.

Akwai kuma wata tafiyar da ta fi wannan nisa, wadda mutum ke kwana a hanya, gari ya waye ya ci gaba, har mako guda ko fiye. Irin wannan tafiya abu huɗu ke riƙe da ita: hanya sananniya, zango mai iyaka, masauki tabbatacce, da yardar mutanen da ƙasar take tasu. Idan ɗaya ya ɓace, ƙarfin ƙafa ba ya maye gurbinsa. Za mu duba waɗannan abubuwa a gida da waje, domin wanda ya iya tsara tafiyar yini ɗaya da kyau shi ne zai iya tsara ta kwana goma.

Duwatsun da ke kewaye da mu

An kafa Babban Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairu, 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Yankin da aka zaɓa ƙasa ce ta tuddai da falalen duwatsu, musamman ɓangaren arewa da gabas.

Dutsen Aso shi ne mafi shahara a cikin birni. Tsayinsa ya kai kimanin mita 400, a gindinsa kuma Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Kotun Ƙoli suke. Saboda haka wuri ne na tsaro, ba a tunkarar sa sai da izini. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, yana kusa da Madalla a Jihar Neja, a bakin hanyar Kaduna, ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da kimanin mita 300. Akwai tudun Katampe, da duwatsun Mpape inda ake fasa dutse don gine-gine, da jerin tuddan da suka zagaye madatsar ruwa ta Usuma wadda birnin ke sha daga gare ta. Kusa da madatsar ne Ushafa take, garin maginan tukwane da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Daga nan tuddai suka miƙa har Bwari.

Waɗannan duwatsu suna da masu su tun kafin a yi birnin. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana sun daɗe a nan. A zamanin yaƙe-yaƙe da farmakin kamun bayi, ƙauyuka da yawa a kan tudu suka zauna don tsira. Sarakunan Haɓe na Zazzau ma da suka bar Zariya bayan jihadi, wannan yanki suka fake, har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da a yau ake kira Suleja. Ƙananan hanyoyin da masu hawan dutse ke bi ranar Asabar, da yawansu manoma da mafarauta da masu itace da makiyaya ne suka fitar da su da tafin ƙafa.

Yadda fatake suka yi tasu

Tafiyar kwanaki da ƙafa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 fataken goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi daga Kano da sauran birane su nufi Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da kayan fata, su dawo da goro bayan watanni.

Ayari yana da madugu, wanda ke yanke shawara kuma yake magana da sarakunan hanya. Yana da jagaba, wanda ke shiga gaba don duba hanya da wurin sauka. Ana tashi da rani, lokacin da koguna suka janye. Ana sammako, a yi tafiya kafin rana ta take, a sauka a zangon da aka san akwai ruwa da abincin dabbobi. Ana biyan kuɗin fito a bakin kogi, ana kai wa sarkin gari gaisuwa. Ku lura da kyau: abubuwa huɗun nan da muka ambata duk suna cikin tsarin fatake. Sun san hanya, sun san iyakar tafiyar yini, sun san inda za su kwana, sun kuma nemi yardar masu ƙasa.

Tsaunukan Alps da hanyoyinsu

Alps jerin tsaunuka ne da suka miƙa kimanin kilomita 1,200 a tsakiyar Turai, suka ratsa ƙasashe takwas, ciki har da Faransa da Italiya da Suwizalan da Jamus da Ostiriya. Mafi tsayi a cikinsu shi ne Mont Blanc, wanda ya haura mita 4,800, ƙanƙara ba ta barin kansa duk shekara. Mutum biyu, Jacques Balmat da likita Michel Paccard, su ne suka fara kai wa ƙololuwarsa a 1786.

Hanyoyin da ake yawo a kai yanzu, asalinsu na makiyaya ne da 'yan kasuwa da masu ziyarar ibada. A mashigar tsauni ta Saint Bernard, tsakanin Suwizalan da Italiya, akwai masaukin matafiya da malaman Kirista suka kafa tun ƙarni na 11, don kada sanyi ya halaka masu ƙetarawa. Daga baya ƙungiyoyin masu hawan tsauni suka ɗauki nauyin aikin. Ta Ingila an kafa ta a 1857, ta Suwizalan a 1863, ta Jamus a 1869. Su suka riƙa gina ɗakunan kwana a kan tsauni, suna gyara hanya, suna zana taswira.

Mafi shahara a hanyoyin kwanaki ita ce wadda ta zagaye Mont Blanc. Tsawonta kimanin kilomita 170 ne, wato ta kusa kai layin dogo daga Idu zuwa Rigasa a Kaduna, mai kilomita 186. Yawancin matafiya kan fara daga Les Houches kusa da garin Chamonix a Faransa, su ƙetara zuwa Courmayeur a Italiya, su shiga Suwizalan, su dawo inda suka tashi cikin kwana 10 ko 11. Wahalarta tana wajen hawa da sauka. Idan aka tara duk hawan da ke cikinta, ya kai kimanin mita 10,000, daidai da hawa tsayin Dutsen Zuma fiye da sau 30. A Italiya kuma akwai Alta Via 1 cikin tsaunukan Dolomites, mai kimanin kilomita 120, daga tafkin Braies zuwa yankin Belluno.

Me ya sa malamin makaranta ko tsohuwa mai ƙoshin lafiya za su iya irin wannan tafiya ba tare da madugu ba? Dalili na farko alama ce. Suwizalan kaɗai tana da hanyoyin ƙafa masu alama fiye da kilomita 65,000, kuma tun 1985 akwai dokar ƙasa da ta wajabta kula da su. Launin alama yana faɗin irin hanyar: rawaya hanya ce mai sauƙi, fari da ja da fari hanyar tsauni ce mai buƙatar takalmi mai ƙarfi, fari da shuɗi da fari ta ƙwararru ce. Allunan da ke mararraba awoyi suke rubutawa, domin a kan tsauni kilomita ɗaya na iya cin minti goma sha biyar, na iya cin awa guda.

Dalili na biyu masauki ne. A ƙarshen kowane zango akwai ɗakin kwana mai gadaje jere, da abincin dare da karin kumallo. Ana kama wuri tun watanni kafin tafiya, mai kula da ɗakin kuma ya san wanda yake jira. Saboda haka matafiyi ba ya ɗaukar tanti da tukunya, kayansa ba su da nauyi. Dalili na uku lokaci ne. Yawancin ɗakunan daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba suke buɗewa, sauran watanni ƙanƙara ta rufe mashigai. Ko a lokacin zafin Turai ana tafiya da rigar sanyi, domin duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Wanda ya bar kwari cikin digiri 25 ya hau mita 1,500, zai tarar da kusan digiri 15, ga iska.

Lissafin zango

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙololuwar da ido ke gani kusa tana iya cin rabin yini, shi ya sa ake lissafi tun a gida. A 1892 wani mai hawan tsauni ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ƙa'ida mai sauƙi wadda har yau ake amfani da ita: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600.

Misali na farko: ayari zai yi kilomita 10 a tuddan Ushafa, hawan da ke ciki mita 300 ne. Kilomita 10 awa 2 ke nan. Mita 300 rabin 600 ne, wato rabin awa. Jimla awa 2 da rabi.

Misali na biyu: a zagayen Mont Blanc, idan aka raba kilomita 170 gida 11, kowane yini ya tashi kimanin kilomita 15, da hawan kimanin mita 900. Kilomita 15 awa 3, mita 900 awa 1 da rabi. Jimla awa 4 da rabi.

Wannan lissafi na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa. Ga mai kaya a baya, cikin zafin ƙasarmu, da hutu da cin abinci da salla, sai a ƙara aƙalla sulusin abin da aka samu. Kuma da tafiyar wanda ya fi kowa rauni ake auna ayari. A Abuja rana kan faɗi tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri. A tsara zango yadda za a isa masauki kafin la'asar sakaliya. A kuma sa lokacin juyawa tun kafin a tashi: idan lokacin ya yi ba a kai sama ba, a juyo. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Lokaci da guzuri da lafiya

Damina a Abuja daga wajen Afrilu take zuwa Oktoba. A lokacin nan falalen dutse yakan yi santsi ƙwarai, ciyawa ta rufe hanya, ƙaramar ƙorama ta cika cikin ɗan lokaci. Da zarar hadari ya haɗu aka fara walƙiya, a sauko daga kan dutse, kada a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne tafiya ta fi daɗi, sai dai hazo na rage gani, ga ƙunar daji da ake yi. Fabrairu da Maris watannin zafi ne, yakan haura digiri 35, sai a tashi da asuba a gama da hantsi.

Ruwa ne kan gaba a guzuri. Mai yini yana tafiya cikin zafi yana buƙatar lita 3 zuwa 4. Ruwan rafi sai an tafasa ko an sa masa maganin tsarkake ruwa. Abinci a zaɓi marar nauyi wanda ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, dakuwa, kilishi, garin kwaki da sukari. Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 60 kada ya ɗauki fiye da kilo 12. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, mai ƙasan da ke kama dutse. Sabon takalmi kan sa ƙafa ta yi bororo tun ranar farko. A haɗa da malafa, da tocila, da sanda, da bandeji, da waya cike da caji.

Ciwon kai da jiri da fitsari mai duhu alamun ƙarancin ruwa ne a jiki. A zaunar da mutum a inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara ruɗewa ko ya suma, a jiƙa jikinsa, a gaggauta kai shi asibiti. Duwatsu mazaunin macizai ne, irin su kasa da kububuwa da gamsheƙa, don haka kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutsen da ba a gani ba. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari ya ga likita kafin ya fara hawan dutse.

Mutanen gari da tsaro

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin a hau dutsen kowane ƙauye, a fara zuwa gidan mai gari a yi sallama, a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. A nemi ɗan jagora daga garin, a biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba. Shi ya san inda ruwa yake, da inda ƙudan zuma suke, da wurin da al'adar garin ta hana hawa. Kada a ratsa gona, kada a tsinki abin da ba a shuka ba, kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa. Leda da robar ruwa da aka hau da su a sauko da su.

Batun tsaro kuwa ba a wasa da shi. A ƙarshen 2023 da farkon 2024 an yi fama da satar mutane a yankin Bwari, abin da ya nuna cewa dazukan da ke bakin birni ma suna buƙatar hattara. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. A tambayi mutanen gari da jami'an tsaro halin da ake ciki a ranar, idan suka ce kada a je, a fasa. A sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, a Najeriya da ƙasashen Tarayyar Turai. Kwana a daji a kewayen Abuja kada a yi shi sai a cikin gari, da sanin mai gari.

Tafiyar kwanaki a ƙasarmu

Wanda ya ƙware a tuddan Abuja kuma yake son ta kwanaki, akwai Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka Gumti a jihohin Taraba da Adamawa. An kafa shi a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, hedikwatarsa tana Serti. A nan Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a ƙasar nan, mai mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru. Zuwa kansa tafiyar kwanaki ce, da izinin hukumar gandun daji da rakiyar ma'aikatanta da 'yan dako. A Filato kuma akwai tuddan Shere kusa da Jos, waɗanda suka haura mita 1,800.

Abuja tana da duwatsu, tana da tsofaffin hanyoyi, tana da ƙauyuka a gindin tuddai, tana kuma da matasan da ke son tafiya. Aikin da ya rage irin wanda ƙungiyoyin Alps suka yi ne: a auna hanya, a shafa mata alama, a rubuta awoyi a mararraba, a yi yarjejeniya da masu gari kan masauki da jagora, hukuma ta tabbatar da tsaro. Ribar farko ta mutanen ƙauye ce: mai tuwo, da mai ɗakin haya, da maginiyar tukwane, da saurayin da ya san daji. Dutsen da ke kawo wa gari abinci kuma, mutanen garin ne za su fara kare shi.

Taƙaitawa

Mun ga manyan duwatsun Abuja da mutanen da suka riga birnin zama a cikinsu. Mun ga cewa fataken goro da matafiyan Alps tsari ɗaya suka dogara da shi: hanya, zango, masauki da yardar masu ƙasa. Mun koyi lissafin awoyi, da lokacin da ya dace, da guzuri, da taimakon farko.

Tambayoyi

1. Ambaci duwatsu ko tuddai huɗu na Abuja da kewayenta.
2. Mene ne aikin madugu, mene ne kuma aikin jagaba?
3. Waɗanne ƙasashe uku hanyar zagayen Mont Blanc ta ratsa?
4. Me launukan alama uku na Suwizalan suke nufi?
5. Ayari zai yi kilomita 20 da hawan mita 600. Awa nawa ƙa'idar Naismith ta ba su? Nawa zai zama idan aka ƙara sulusi?
6. Mutum mai kilo 75, nauyin jakarsa kada ya wuce kilo nawa?
7. Faɗi abu uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.

Aikin rukuni

Ku kasu biyar-biyar. Kowane rukuni ya zaɓi tudu ɗaya da ke kusa da unguwarsu, ya naɗa madugu da jagaba. Ku rubuta tsarin tafiyar yini ɗaya: lokacin tashi, lokacin juyawa, ruwa da guzurin kowane mutum, wanda za a nemi izini wurinsa, da asibiti mafi kusa. Ku tambayi wani dattijo na yankin sunan tudun na asali da waɗanda suka fara zama a kansa, ku kawo abin da ya faɗa muku a darasi na gaba.